Baftismar Ɗan Okuliina

Jaririn Okuliina bai yi wata a duniya ba ƙirjinsa ya fara ƙugi. Ranar Asabar ya ƙi nono. Wayewar garin Lahadi kuwa leɓɓansa suka yi shuɗi-shuɗi, kukan ma sai dai ya buɗe baki, ba sauti. Ba a yi masa baftisma ba, sunansa ma a zuci kawai uwar take riƙe da shi.

A ɗakin sauna, wato ɗakin wankan tururi, na gidan Rintala ta haife shi, a nan kuma suke kwana ita da surukarta Stepanida tun farkon kaka, lokacin da aka kwashe mutanen Salmi kaf aka bar wa Rasha ƙasar, aka rarraba su gidajen manoman yamma. Mijinta Timoi yana arewa, inda yaƙin bai ƙare ba. Fada Leonti, wanda ya ɗaura musu aure, shi ma an jefa shi wani gari mai nisa. An ce yana bin mutanensa ƙauye-ƙauye, amma ba wanda ya san ranar da zai iso nan.

Stepanida tana durƙushe a kusurwar ɗaki gaban hoton Uwar Ubangiji, wanda ta ɗauko a ƙirjinta tun daga gida, sai ga Saima, uwar gidan, ta shigo da kwanon madara cikin baƙaƙen kayanta na Lahadi. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, ba mugunta gare ta ba, amma tausayinta ma kamar faɗa take yin sa. Ta leƙa fuskar yaron, ta ajiye kwanon.

"An yi masa baftisma?"

"Muna jiran Fada," in ji Okuliina.

"To ku yi ta jira. Yaron nan dai ba jiran kowa yake ba. Ba ku ji ƙararrawa ba? Fasto Hautala na nan, ruwa ma na nan."

Stepanida ta juyo a kan gwiwoyinta. "Wane ruwa, uwar gida? Ɗan yayyafin nan da mai guga ke wa riga? Mu a wurinmu tsunduma yaro ake yi har sau uku, ya fito yana tsala ihu. Kuma shi naku, namiji ba gemu, ba doguwar riga, sai baƙar kwat da 'yan ƙyallaye biyu a wuya. Ranar da na fara ganin sa na ɗauka alƙali ne aka aiko ya ɗaure mu."

"Naku mai gemun yana ina? Ko sai mun aika Rasha a kawo muku wani?"

"Rasha? Ɗana yana can yana cin harsashi saboda gonarki, ki ce mana Rasha?"

Okuliina ta kama hannun tsohuwar. "Iya, ki yi masa da kanki mana. Ai an yarda tsohuwa ta yi in rai yana hannun Allah. Ni uwa ce, ba ya halatta gare ni. Ga ruwa can a tukunya."

Stepanida ta zare hannunta, ta ɓoye a ƙarƙashin gyale.

"Biyu na yi wa da hannun nan," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Nawa na cikina. Duka biyun kafin rana ta faɗi an rufe su. Ba zan ƙara ba, ke 'yar nan. Kada ki sake tambaya ta."

Yaron ya ja numfashi, wani irin ja mai ƙara kamar ana yaga tsumma, ya tsaya, ya daɗe kafin ya sake ja. A wannan tsayawar ce Okuliina ta miƙe. Ta naɗe shi a bargo, ta ɗaura gyalenta.

"Ina za ki?" in ji Stepanida. "Ko arba'in ba ki yi ba za ki taka ɗakin Allah?"

"Iya, ke kika ce ba ɗakin Allah ba ne."

"Ko ma na wane ne! In kin kai shi sun ƙwace shi ke nan. Su laƙa masa sunansu, ya tashi ba ya ko iya yin alamar gicciye, Timoi ya dawo ya tarar da ɗan wasu. Ki tsaya, na ce!"

Ba ta tsaya ba. Amma maganar ta bi ta har cikin keken doki, inda Aukusti, mai gidan, ya matsa mata wuri ba tare da ya dube ta ba.

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba tudu ba tafki, don haka tun daga nesa cocin ya tsaya musu a ido, dogo, mai ruwan ƙwai, hasumiyarsa tsini ɗaya kamar mashi. Okuliina ba ta taɓa matsawa kusa da shi ba. Duk hanya tana sa yatsa a bakin yaron don ta ji ɗumin numfashi, tana kuma lissafin zunuban da take shirin ɗauka: shiga da jinin haihuwa, saɓa wa uwar miji, miƙa ɗa ga baƙon hannu. Ta rasa wanne ya fi nauyi, su ko ƙaramin ramin da ake haƙa wa marasa baftisma a bayan shinge.

Tana shiga ta yi abin da jikinta ya saba. Ta yi alamar gicciye, ta sunkuya har yatsunta suka kusa taɓa ƙasa, ta ɗago tana neman hoton da za ta sumbata. Babu. Bango fari fat, tun daga ƙasa har rufi. Ba kyandir ɗin da za ta saya ta kunna, ba hayaƙin lubban, ba zinariya tana ƙyalli a duhu. Hasken rana ne kawai ya kwararo ta manyan tagogi, ya tona kowa. Wurin yana warin sabulu da jiƙaƙƙen ulu. A cocinsu na Salmi waliyyai ne ke kallon mutum ta ko'ina, da manyan idanunsu masu haƙuri. Nan kuwa mutane ne, kuma duk sun juyo.

"Ga ta 'yan cin laimar kwaɗi," wata ta raɗa wa ta kusa da ita.

"Me take sharewa da hannu a ƙasa?"

Saima ta fizgi hannun rigarta. "Daina wannan. Taho."

Benci ne jere-jere, kowanne da 'yar ƙofarsa kamar garken tumaki, kowane gida da nasa. Saima ta tura ta ciki, ta bi bayanta, ta ja ƙofar ta sa sakata. Okuliina ta tsaya ƙiƙam. A gida tsaye ake yi gaban Allah, mutum ya zaga, ya kunna kyandir ga wannan waliyyi, ya je ya gaida wancan, yara suna ratsa ƙafafun manya, tsofaffi suna 'yar gulmarsu a gindin bango. Wa zai zauna gaban sarki?

"Zauna mana, kin tsaya wa mutane a gaba. Sai an tashi za mu sami Fasto."

"Sai an tashi? Uwar gida, ba zai kai ba."

"Shhh."

Ta zauna a bakin bencin. Kowa ya buɗe ɗan baƙin littafi, kowa ya yi tsit, irin shirun da ake yi a gaban hukuma. Ta hango faston can gaba, siriri, fuska a aske tas, da tabarau, tsaye kusa da bagade a fili, ba labule ba ƙofa tsakaninsa da jama'a.

Sai wani abu ya fara gurnani a bayanta, daga sama.

Ta ƙafafu ta fara jin sa, katakon ƙasa yana kakkarwa, kafin ya hau cikinta ya cika kunnuwanta. Ba wanda ya taɓa gaya mata ana kiɗa a cocin nan. A nasu muryar mutum ce kawai. Wannan gurnanin kuwa ta san shi. Haka ya fara a tashar jirgin ƙasa lokacin gudun hijirarsu na farko, da bazara, tana da ciki, suna zaune kan ƙunshin kayansu, shanu suna kuka a taragu. Haka ya taso daga bayan itatuwa, ƙasa-ƙasa, kafin sama ta tsage da bama-baman jiragen yaƙi. Maƙwabciyarta Outi tana miƙo mata ruwa a lokacin, ba a kuma sami abin binnewa ba sai takalminta.

"Jirage!" ta ƙwalla. "Jirage! Ku kwanta!"

Ta zabura ta bangaji 'yar ƙofar, sakata ta riƙe. Ta sake bangaza. Da ta ga ba hanya sai ta zube a tsakanin bencina, ta cusa kai ƙarƙashin katako, ta kifa kan yaron da dukan jikinta, tana ihu, "Ubangiji ka yi jinƙai, Ubangiji ka yi jinƙai!"

Gurnanin ya yanke. Wani littafi ya faɗi. Daga baya wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi, sai muryar wani namiji ta daka tsawa, "Ku rufe mana baki! Ku da ba ku taɓa jin sa a kanku ba!" Dariyar ta mutu.

Saima tana jan kafaɗarta. "Tashi, don Allah tashi. Ogan ne, abin kiɗa ne, ga bututunsa can a sama. Wayyo, kin kashe ni da kunya."

Okuliina ba ta ji ta ba. Abin da take saurare daban ne. A ƙarƙashin ƙirjinta ba motsi. Ƙugin nan da ya hana ta barci, wanda ta yi ta roƙon Allah ya ɗauke, ya ɗauke. Sanyi ya ratsa ta tun daga tsakar kai. Ta danne shi. Da nauyinta ta kashe shi, a ƙasan cocin baƙi, ba suna, ba ruwa. Ta kasa ɗagowa ta duba.

Sai ta ji takun takalmi yana tahowa, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa. Ya tsaya. Aka zare sakata. Ta ga baƙin takalmi mai sheƙi dab da fuskarta, sa'an nan gwiwoyi suka sauko ƙasa.

"Baiwar Allah, ba jirage. An daina wannan yaƙin. Mene ne a ƙarƙashinki?"

"Ɗana," ta ce. "Na kashe shi."

"Miƙo shi in gani."

"A'a!"

"To riƙe shi, ki buɗe bargon kawai."

Ta jirkita a hankali. Fasto Hautala ya cire tabarau, ya kwantar da kunnensa a ƙirjin yaron. Ta ga tsakar kansa da sanƙo, ta ga inda reza ta yanke shi a haɓa. Ya daɗe a haka, har ta fara jin ƙasa tana juyawa da ita.

"Da ransa," ya ce. "Amma da kyar. An yi masa baftisma?"

Saima ta amsa. "Shi ya kawo mu, ranka ya daɗe. Na ce mata sai an tashi."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A kawo ruwa mai ɗumi daga murhun ɗakin baya. Waƙa za ta jira."

Aka kai ta gaba, idanun ƙauyen duka a bayanta. Abin da aka ajiye kwano ne na azurfa, wanda ko ƙafar yaron ba zai ɗauka ba. Ta dube shi, ta dubi mutumin. Fada Leonti in ya tsaya gabanka, ka san uba ne: gemu har ƙirji, riga har ƙasa, yana warin lubban da albasa, ya kira ka da sunan da kakarka ke kiran ka. Wannan kuwa kamar malamin makaranta ranar jarrabawa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in kun zuba masa, ya zama naku? Za ku ƙwace shi?"

Ya ɗan ɓata fuska. "Ba a ƙwace ɗan kowa a nan. Ni ruwa zan zuba, da sunan da aka umarce mu. In limaminku ya zo ya ƙarasa abin da kuke ƙarasawa. Ko da yake, da za ki ji tawa, sumbatar hotunan nan ba ta ƙara wa kowa komai. Amma wannan zancen wata rana ne. Wane suna?"

Saima ta matso kunnenta. "Ki ce Martti. Don Allah ki ce Martti. In ya shiga makaranta da sunan can naku, yara za su cinye shi ɗanye."

Da gaskiyar Saima, Okuliina ta sani. Amma ranar Waliyyi Miitrei ce ke tafe, sunan kakan yaron ke nan kuma.

"Miitrei," ta ce.

"Mene?"

"Miitrei."

Ya maimaita sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da bai sani ba. Ya sa Saima da Aukusti suka tsaya shaidu. Ya ɗebo ruwa da tafin hannu ya zuba a kan yaron. "Miitrei, ina yi maka baftisma da sunan Uba..."

"Ƙara," ta ce. Ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji muryarta. "Ku ƙara masa, ranka ya daɗe. Ya yi kaɗan."

Ya dube ta ta saman tabarau. Sai ya haɗa hannu biyu ya kamfato. "Da na Ɗa." Ya sake kamfatowa. "Da na Ruhu Mai Tsarki." Ruwan ya gangara ta kunnuwan yaron, ya jiƙa bargo, ya jiƙa hannun baƙar kwat har gwiwar hannu. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ya saki wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa.

Okuliina ta cafko jiƙaƙƙen hannun ta kai bakinta. Faston ya fizge kamar ya taɓa wuta, kunnuwansa suka yi ja. Ita kuwa ta ɗauka wani sabon laifin ta yi. Suka tsaya cirko-cirko. Can ya miƙo hannun, ya kama nata ya girgiza sau ɗaya, yadda maza ke yi in sun gama cinikin doki.

"Aukusti, ɗaura dokinka ka kai su gidan likita."

"Yau Lahadi ce, ranka ya daɗe."

"Na san ranar."

Suna fita ta ji an fara waƙa a bayansu, muryoyi zalla, ba gurnanin.

Likita ya ba da ɗan abin da yake da shi, ya ce a riƙe yaron cikin tururi, sauran na Allah ne. Da suka dawo Stepanida ta tare su a ƙofa. Ta karɓi jikan, ta shinshina kansa, ta taɓe baki. "Ko ƙanshin lubban babu." Amma ita ta hura wutar sauna, ita ta yi ta zuba ruwa kan duwatsu, ta ciro ƙaramin gicciyen wuyanta ta rataya masa. Kwana da kwanaki ba ta yi wa Okuliina magana sai ta bakin yaron: "Ka gaya wa uwarka ta ci abinci." Ƙugin ya yi ta raguwa, har wata safiya ya kama nono da ƙarfin da ya sa uwar ta yi ƙara.

Tsoron bai tafi ba, wuri ya sauya. Yanzu Okuliina tsoron Fada take ji. In ya ce abin da ta yi ridda ce fa? In ya hana ta cin jibin Ubangiji, ya kore ta a gaban mutanen Salmi?

Sai da ƙanƙara ta rufe gonaki ya iso, a ƙafa daga tasha, da tsohon akwati a hannu. Da kyar ta gane shi. Ya rame, ya rage gemun, ya tattare doguwar rigarsa a ƙarƙashin kwat ɗin soja saboda yaran wani gari sun bi shi da jifa. Fasto Hautala ya nemi dattawan coci su ba Fada aron wuri, suka ƙi, suka ce hayaƙi zai ɓata musu bango. Don haka a ajin makaranta aka taru. Aka ture tebura, aka jingina hotuna a jikin allo, aka kunna kyandir a cikin kwanon yashi. Da hayaƙin lubban ya tashi, tsofaffi suka fashe da kuka.

Ba a gama ba Stepanida ta jawo Okuliina gaba. "Baba, ga ta nan. Ta kai mini jika wurin marar gemu, ba ta ko yi arba'in ba. A sake masa, a yi ta gaske."

Okuliina ta zube a ƙasa, ta kasa ɗaga ido. Ta ji babban hannunsa ya sauka a kanta.

"Okuliina, 'yata, da me ya yi masa?"

"Da ruwa, Baba."

"Me ya ce?"

Ta faɗa masa, kalma bayan kalma.

"To ai ta yi. Baftisma ɗaya ce, ba a maimaita ta." Ya juya ga tsohuwar. "Ke kuma Stepanida, kina zaune da hannu biyu da tukunyar ruwa, kika bar mai jego ta ratsa gari? Za mu yi magana ni da ke."

Tsohuwar ta ja gyale ta rufe fuska.

Ya karanta wa Okuliina addu'ar masu jego, ya ɗaga ta. Ya buɗe akwatin ya ciro 'yar kwalbar mai, ya shafa wa Miitrei a goshi, da idanu, da hanci, da baki, da kunnuwa, da ƙirji, da tafin hannu da na ƙafa. Ya yanke masa 'yan silin gashi, ya ɗiga masa jibi da ƙaramin cokali. Yaron ya damƙi gemun ya ƙi saki, har sai da Fada ya ce, "Kai, sakar mini, ɗan abin da ya rage ke nan."

Washegari da safe Aukusti ya kai Fada ƙauye na gaba a keken doki, domin a can ma akwai gawar da ke jira da aure biyu. Miitrei ya ƙetare hunturun, ko da yake tari bai rabu da shi ba sai da ya yi wayo. Timoi ya dawo lokacin narkewar ƙanƙara, da yatsu biyu na ƙafa a guntule saboda sanyi. Shekara na zagayowa aka yanka musu wani yanki na daji can gabas, suka ɗaura kayansu suka tafi su sare shi su kafa gonarsu.